Geron da Tsuntsaye Suka Tsince

A Hindawiyya babu mai hura wuta don jin ɗumi, zafin Jidda ya ishi kowa. Wutar da muke zagayewa ta sana'a ce. Kakata, uwar mahaifina, gyaɗa take soyawa cikin yashi a saman soronmu da yamma, washegari ta ƙulla a leda ta kai bakin kasuwa a Balad. Aikin hajji ya kawo ta da ɗanta tun yana saurayi, suka yi zamansu. Shi daga baya ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuwa ko takardar ƙunshe barkono ba ta da ita. Mu da aka haifa a nan Sitti muke ce mata, ta ce ita ba ta san wannan matar ba, Kaka take. Ni ma ba ta kirana Asma'u, sai Balarabiyar gwangwani, don Hausata a lokacin abin tausayi ce.

Ina shekara goma Baba ya faɗo daga hawa na biyu a wurin gini, kansa ya bugi bulo. Ya kusa sati uku bai san inda yake ba. Ranar sallama likita ya ce wa Umma ƙwaƙwalwa ba ƙashi ba ce da za a ɗaura, abin da zai dawo zai dawo a hankali, mu dai mu yi ta yi masa magana. Mutumin da aka dawo mana da shi yana da fuskar Baba da tsawon Baba. Amma hannunsa na dama ya shanye, Larabcin da ya shekara ashirin yana yi ya gudu ya bar masa 'yan kalmomi, ni kuma yakan gaishe ni da ladabi kamar 'yar maƙwabta. Uwarsa kaɗai yake ganewa babu tantama.

Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya zo dubiya sau ɗaya da kwalin lemo. Da iƙamar ta ƙare ya ce halas, magana ta ƙare, ba ya sabunta wa wanda ba ya aiki. To nan tsoronmu yake. Kullum rana ta faɗi aka yi kiran magariba, Baba sai ya ɗauka asuba ce. Ya miƙe ya nemi takalmi, yana cewa, "Yalla, na makara, aiki." In ya fita titi babu takarda, aka tare shi, ko sunansa ba lallai ya iya faɗa ba. Za a sa shi a jirgi a sauke shi a ƙasar da bai san ƙofar kowa ba. Umma ta sayo kwaɗo, Kaka ta hana. Ta ce ba a kulle magidanci a gidansa tana da rai.

Sai ta mayar da tatsuniya magariba. Da an sallame salla za ta kama hannunsa mai lafiya ta hau da shi sama, ta zaunar da shi tsakanina da ƙanena Faisal, ta dire masa tiren gyaɗa. "Ɗanlami, murje mini wannan, da hannun nan malalaci nake so." Sannan ta juya yashi a kasko ta ce, "To ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce ta zo ta zauna.

Tatsuniyar guda ɗaya ce. Wani maharbi ne ya hau kuka ɗiban zuma, reshe ya karye, ya faɗo. Bai mutu ba, amma hankalinsa ya watse a ƙasa kamar an kifar da mudun gero, tsuntsayen daji suka sauko suka tsince tas. Uwarsa tsohuwa ta ɗauki mudu ta shiga daji, tana bin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su mayar mata da ƙwayar da suka haɗiye. Babu mai bayarwa kyauta. Kurciya ta ce sai ta gyara mata sheƙa. Hankaka ya ce sai ta wanke masa farin ƙirjinsa. Zabuwa, uwar raini, ta ce sai ta ƙirga mata ɗigon jikinta ba kuskure. Kaka tana yin muryar kowace, har da tafiyar zabuwa daga zaune, Faisal yana birgima don dariya. Baba ba ya dariya. Yana kallon bakinta, gyaɗa tana zubewa daga yatsunsa, har a kira isha'i. Daga nan abin ya sake shi, ya kwanta lafiya.

Kowace yamma tsuntsu ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ni na ɗauki abin da gaske. Ina lissafi a raina, ina kuma leƙen Baba da safe ko ƙwayar jiya ta iso. Ranar da ya riƙe cokali da kansa na ce ta kurciya ce. Da tsuntsayen Kano suka ƙare Kaka ta shiga na Jidda, har da fararen nan na bakin teku da ba ta san sunansu ba, ta raɗa musu 'yan gayu. Wata rana haƙurina ya ƙare.

"Sitti, mata yikhallis? Yaushe mudu yana cika?"

"Zai cika ake cewa, Balarabiyar gwangwani. Miƙo mini gawayi."

Ni kuma na yi fushi na kwana biyu.

Kusan shekara muna haka. Duk idonmu yana kan Baba, babu wanda ya tuna da ita. Wata safiya masu kame suka zagaye bakin kasuwar, aka kwashe mata masu talla. Wata maƙwabciya ce ta kawo mana tiren babu ita. Umma ta bi duk wanda aka ce ya san wani, ba ta samu ko ganinta ba. Bayan sati biyu muka ji an sauke su a Kano.

Kwaɗon ya hau ƙofa a ranar farko. Ba na son tuna watannin nan. Baba yana jijjiga ƙyaure da hannu ɗaya yana roƙon a buɗe masa, Umma tana zaune a ƙasa ta toshe baki, tana tsoron maƙwabta su gaji su kai ƙara. Na hura gawayi, na kai shi sama da ƙyar, na fara ba shi tatsuniyar da guntuwar Hausata. Ya saurara kaɗan, sannan ya ce, "Yarinya, sannu. Ina Inna?" Ya tashi ya sauka. Ban taɓa jin na zama banza kamar ranar ba.

Sai ga wani ɗan umra ya zo da kaset a ɗaure cikin tsumma. Muka sa a rediyo da magariba, Baba yana tsaye da takalmi. Muryar Kaka ta fito, ta dishe, ana jin awaki a bayanta. Ya zagaya rediyon yana nemanta. Ta ba da labarin balbela daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba. Har mun ɗauka kaset ya ƙare, sai ta ce, "Ɗanlami, cire takalmin nan. Zauna inda kake, kada ka je ko'ina. Ina nan zuwa, kada in zo in tarar ba ka nan."

Ya cire. Ya zauna a tabarma yana fuskantar ƙofa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa duk wanda ya daure, abinsa zai dawo. Yanzu na kai shekarun Umma na lokacin, na kuma san Kaka ba ta taɓa faɗin haka ba. Ta san mudun ba zai cika ba, ina jin tun daga bakin asibiti ta sani. Abin da take iyawa shi ne ta tsallakar da ɗanta daga magariba zuwa isha'i, gobe kuma ta sake. Baba ya ɗan samu sauƙi, ya koyi sa riga, wata rana ma ya kira ni da sunana, amma bai dawo ba. Har yau ban san ko daidai muka yi ba da muka bar shi yana jiranta, kuma babu wanda zan tambaya.

Ni ce mai danna rediyon kullum. Da kaset ɗin ya fara ci muka kai aka juye a wani, muka sake juyewa. Shekara bakwai yana zaune yana kallon ƙofa, bai ƙara taɓa ta ba. Kaka ta rasu a shekara ta biyu. Da yammar da labarin ya iso na wanke fuskata, aka kira magariba, na danna masa.