Miyar Garin Su Iya

Kakarmu ba 'yar garinmu Dogarawa ba ce. Kakanmu ya auro ta daga bakin teku, can bayan Kwatano, zamanin da yake fataucin goro, ya rasu ya bar ta cikinmu. Iya muke ce mata. Har na girma ban ga wani nata ya zo gaishe ta ba.

Lokacin ɗari, bayan isha'i, mu jikoki mukan kewaye murhunta tana tura karan dawa cikin wuta. Sauran tsofaffi tatsuniyoyinsu da yawa. Ita kusan ɗaya gare ta.

"Ga ta nan tafe, ku matso," haka take farawa.

A garinsu, in ji ta, akwai dodon koɗin teku, bawonsa ya kai girman kan jinjiri. Sai an buge naman da taɓarya ya yi laushi, sannan a dafa da ruwan kwakwa da barkono. Miyar tana da doka: mutum ɗaya ba ya shanta, sai an kira maƙwabta. To wata mata ta dafa, ta ja ƙofa, ta shanye abinta. Gari na wayewa ɗakin ya matse, ya nannaɗe a bayanta. Tana nan ƙasan ruwa tana jansa, ba mai yi mata sallama.

Wata shekara da kaka, Iya ta tafi tabki da ƙwarya ta tsinto ƙananan dodon koɗi. Ba kwakwa, ta sa gyaɗa. Ta wuni tana fama, da marece ta kira mutanen gida. Baba ya ce ya ƙoshi. Inna ta rufe hanci da mayafi, yara suka watse suna dariya. Iya ta zauna da kwano gabanta, miya na hucewa, ba ta sa hannu ba.

Ni gaskiya yunwa ta tsayar da ni.

"Maigidana, kai ba ka gudu ba?"

"In da tuwo, ina ci."

"Ja'iri! Wanko hannunka."

Sai da na haɗiye lomar farko sannan ta kai tata baki. Ta daɗe tana tauna.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Ko kusa." Amma ta suɗe kwanon tas.

Yau albasa nake kaiwa Kwatano, rabin rayuwata bisa hanya, cin abincina ni da bango. Na samu miyar ta ainihi wurin wata mai tuwo kusa da tashar jiragen ruwa. Iya ba ta yi ƙarya ba, miya ce. Muna yara mun ɗauka kan rowa take ja mana kunne. Sai a kan bencin nan na gane abokin ci take nema, shekara da shekaru. Na juya in ce wa wani ga miyar kakata, sai na ga duk wanda ke wurin, miyar tasa kakar ce.