An Sa Wa Waƙar Tuna Mutuwa Kiɗa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na majalisin karatu. Yau na iske ana rawa da muryata a tashar motar Sakaba.

Makon jiya na kai waƙata ta tuna mutuwa situdiyon wani Bala, mai haɗa waƙa da kwamfuta. Sharaɗina ɗaya ne: murya zalla, ban da kiɗa. Yau sai na ji ta a lasifika, an ɗora mata fiyano da ganga, an ƙara mata gudu. 'Yan kamasho na ta girgiza kafaɗa. Innalillahi!

Na wuce wurin Bala kai tsaye. Na ce, "Wa ya ba ka izini?"

Ya ce, "Baba, sauƙin aiki ne. Kiɗa guda ke gare ni a ajiye, kowace waƙa a kansa nake ɗora ta. Baitocin kabari sun yi tsawo, na yanke."

Na ce, "Maci amana. Goge ta a gabana."

Ya goge yana murmushi, ya ce, "Faifai dai ya riga ya kai har garin Bena."

Ɗan acaɓan da ya maido ni gida amshinta yake rerawa. Ya waiwayo ya ce, "Malam, ka ji sabuwar waƙar biki?"