Takalman Malam a Bakin Ƙofa

A unguwarmu a Tanut, macen da ke zaune cikin gida ba ta da aikin yi, ko da kuwa albashi take ɗauka. Ƙorafina ke nan, kuma ban janye ba.

Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zana baƙaƙe da yatsun da suka saba da taɓarya. Da na iya karatu, wata ƙungiya mai biro, wato ofis, a Yamai ta ɗauke ni aiki. Sukan turo mini rubutu ta waya: ranar da masu allurar dabbobi za su je Tenhya, yadda kasuwar awaki ta ci a Belbeji, rijiyar da ta ƙafe. Ni kuma in karanta, in naɗi muryata, in mayar musu, su watsa wa makiyaya. Sharaɗinsu ɗaya: kada a ji motsin komai a bayana.

Shiru a gidan mace da hantsi? Ina fara "Jama'a makiyaya," sai in ji maƙwabciyata daga zaure: "Salamu alaikum, masu gida!" Sallama kuwa ba a ƙin amsa ta.

"Yaya, aiki nake yi."

"Wane aiki? Ga ki kin miƙe ƙafa kina hira da waya. Ara mini rariya."

Wata rana cikin sauri na tura saƙo ban saurara ba. Shugabata ta kira daga Yamai, muryarta a sanyaye. "Madam, makiyayan Gangara sun ji ranar allura. Sun kuma ji ana neman rariya." Ta ba ni zuwa Juma'a. In ban kawo murya mai tsabta ba, akwai wani a can mai ɗaki rufaffe, shi za a ba aikin.

Na rufe ƙofar ɗaki. Aka ce ba ni da lafiya, mata biyar suka zo dubiya da kwanon kunu. Na rubuta "Ana aiki" da manyan baƙaƙe, na manna a ƙofa, ina ji da kaina. Na manta ni kaɗai na je ajin nan. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa in karanta musu abin da takardar ta ce.

Ran Laraba zazzaɓi ya kwantar da maigidana, bai je shagonsa na ɗinki a kasuwa ba. Yana kwance a ɗaki, ni ina gefen gado da waya. Na ji tafiyar maƙwabciyata ta doso. Sai tafiyar ta tsaya.

"Au, Malam na ciki," ta faɗa ƙasa-ƙasa, ta juya.

Takalmansa ta gani a bakin ƙofa. A wurinmu mace ba ta faɗawa ɗakin da maigida ke ciki. Ranar saƙo huɗu na naɗa, ko tari babu. Na yi murna, amma abin ya ci mini rai: tsofaffin takalma masu faci biyu sun fi karatuna kwarjini.

Da la'asar jikinsa ya yi sauƙi, yana shan fura, na ce, "Malam, gobe za ka fita?"

"In Allah ya yarda."

"To ka fita. Takalman nan dai suna gida."

"Ƙarya za ki yi wa mutane da takalmana?"

"Na ce wa wani kana ciki? Takalmi ne ya gaji, yana hutawa."

"Ai za a gan ni a kasuwa."

"Kafin labari ya dawo unguwa na gama aikina."

Ya ajiye ludayi ya dubi takalman. "Shekara nawa ina taka su, ban san ma'aikata ba ne. In albashi ya zo, a tuna da su."

Washegari da sassafe ya fita da silifas ɗin alwala yana gunaguni. Na share bakin ƙofa, na goge takalman, na jera su suna fuskantar ɗaki kamar mai su yanzu ya shiga. Na saki labule, na ɗauki waya.