Bindiga Biyu da Yatsun Tela

Maigidana tela ne. Shagonsa na bakin hanya a Badariya, kuma duk abin da muka ci ko muka ɗaura a gidan nan daga yatsunsa ya fito. Yana da 'yar gonar shinkafa da ya gada a fadamar Ambursa, amma noma bai taɓa zama sana'arsa ba. Mutum ne da ko kaza za a yanka sai an kira maƙwabci.

Shekarar da nake ba da labari, jan-baki suka sauka a fadama daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai. Wanda bai ga tsuntsayen nan ba zai ɗauka ƙari ake yi. Suna tasowa kamar hayaƙi, su sauka gonar mutum, kafin ya gama ihu sun yi masa aski. Maigida ya ja igiya ya rataya gwangwanaye, tsuntsaye suka mayar da igiyar wurin hutawa. Abin da ya fi ci masa rai, maƙwabtansa na gona duk suna da bindigar toka. Da sun buga sama, garken ya tashi daga nasu ya zube a tasa. Ya ce shi ke ciyar da baƙin kowa.

Sai ya sanar da mai unguwa, ya yi abin da ake yi na izini, ya shiga mota zuwa Argungu wurin wani tsohon maƙeri. Da la'asar na ji babur ɗin kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Ya shigo da tabarma a naɗe a kafaɗa, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Da ya warware sai ga bindiga biyu. Wai ya kasa zaɓa, maƙerin ya gaji da shi ya ce ya tafi da su duka, ya dawo da wadda bai so ranar kasuwa.

Ni dai a idona ɗaya suke. Tsawo ɗaya, ƙota iri ɗaya, warin mai iri ɗaya. Amma ya zaunar da ni ya nuna mini bambanci. Ɗaya tana da zobban tagulla, ba ta da nauyi, jikinta sumul. Ɗayar baƙa ce ƙirin, mai nauyi, wurin haɗinta ya yi tudu kamar ɗinkin ɗan koyo. Haka ya faɗa, kuma daga nan na san inda zuciyarsa take. Maƙerin ya gaya masa bututun ɗaya na sitiyarin tsohuwar mota ne, ɗayan kuma wani ƙarfe ne da ya samo a kasuwa. Da na tambayi wace ce wace, sai ya ce bai tambaya ba, ai duka masu kyau ne.

Kwanakin nan mun sha kallo. Ya ɗauko tef ɗin awo ya auna su daga baki zuwa gindi, kamar zai yi musu riga. Ya ɗora wannan a kafaɗa ya dubi madubi, ya sauke ya ɗora waccan. Abokan zamansa na shago suka rabu gida biyu. Mai faci ya ce nauyi shi ne ƙarfi. Mai shayi ya ce wa zai yi yawo da turmi a fadama, a ɗauki mai zobe. Wani ɗan fansho da bai taɓa riƙe ko baka ba ya fi kowa bayani. Duk maraice maigida zai dawo ya kwashe mini abin da aka ce, ni kuwa ina tuƙa tuwo ina cewa to.

Abin da ban faɗa ba shi ne hannun kawuna. Ƙanen mahaifiyata ne, masunci a Argungu, ya yi farauta da ƙuruciya. Tun ina yarinya nake ganinsa yana ɗaure fatsa da haƙori, domin yatsu biyu ne kawai suka rage a hannunsa na hagu. Bindiga ce ta fashe masa. Shi masunci ya ci gaba da jefa birgi yana kama kifi a haka. Tela kuwa, da wane hannu zai riƙe yadi a ƙarƙashin allura?

Ban yi masa gardama ba, don na san halinsa, in aka ja sai ya ƙara tirjewa. Na dai ce masa, "Malam, kai ka san kyan ɗinki, amma ba ka san cikin ƙarfe ba. Bari in kira Kawu."

Ya ce kada in ɗaga hankalin dattijo a kan ƙaramin abu. Na ce ai na riga na kira.

Kawu ya iso da hantsi, da ƙunshin bandar kifi a hannu. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, maigida na durƙushe yana sunkuyar da kai irin na suruki. Sannan aka kawo bindigogi. Kawu bai ko dubi zobban ba. Ya leƙa bakin kowace, ya shinshina, ya ajiye. Ya ce shi ma ba zai iya ganewa da ido ba, kuma duk wanda ya ce zai iya, hira yake. A wurinsu sabuwar bindiga ba a fara ɗora ta a kafaɗa. Ana ɗura mata albarushi ninkin abin da ta saba ci, a ɗaure ta a jikin itace, a sa igiya a kunama, a koma nesa a ja. In ta sha wannan ta tsira, ta mutum ce.

Maigida ya ce, cikin ladabi, ai maƙerin ya ce ya gwada.

Kawu ya ce, "Gabanka ya gwada, ɗana? Ni ma wanda ya ƙera min tawa haka ya ce. Yana nan da yatsunai goma."

Ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata ban wuce bakin zaure ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Amma ranar nan na yafa mayafi na ce da ni za a je. Muka shiga keke-napep mu uku da tabarma a naɗe. Kawu ya tambayi igiya, maigida ya buga aljihu ya ce wannan a bar masa, ya ɗauko daga shago.

A gefen gonar akwai wata tsohuwar kanya. Kawu ya ɗura mai zobe, don ita maigida ya miƙa da farko, ya ɗaure ta tam da bakinta sama wajen da ba kowa. Ya karɓi abin da maigida ya kawo ya ɗaura a kunama ba tare da ya duba ba, hankalinsa na kan bakin bindiga. Muka koma bayan tudun da ake tare ruwa muka duƙa. Na toshe kunnuwa.

Maigida ya yi bisimilla ya ja. Shiru. Ya ƙara ja, abu na ta biyo shi. Ya ja da baya, ya ja da baya, har ya kusa faɗawa cikin shinkafar maƙwabci. Sai a lokacin na dubi abin da ke hannunsa da kyau. Robar ƙugun wando ce, sabon naɗi, irin wadda yake sa wa kayan yara. Wai ita ce ta fi tsawo a shagon. Dariya ta kama ni har na saki kunnuwa.

Shi kuwa kunya ta rufe shi gaban suruki. Ya miƙe ya ce bari ya je ya taɓa kunamar da hannu kawai, a gama. Ya yi taku biyu, Kawu ya cafke bayan rigarsa da hannun nan na hagu.

"Zamna," ya ce. "Wagga tahiya ni na riga ka yin ta."

Maigida ya zauna. Aka sassauta robar a hankali. Kawu ya kwance igiyar gwangwanaye, ya zagaya ta bayan itacen, ya sauya, ya dawo ya ba maigida bakin igiyar.

Da ya ja, ƙarar da ta fito ba cikakkiya ba ce. Ta yi kamar an saki tukunyar ƙasa a kan dutse, da wani ɗan fito a ƙarshe. Hayaƙi ya turnuƙe gindin kanya. Da ya lafa muka matsa, sai ga bututun ya tsage ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa, zobe ɗaya ya shige cikin itacen. Maigida ya daɗe yana kallo. Ya kai hannunsa na hagu kusa da wurin, daidai inda yake riƙewa in yana duba madubi, sannan ya janye shi ya sa a aljihu.

Baƙar kuwa da aka ja, sai da ƙasa ta amsa. Jan-baki suka tashi daga gonaki har na ƙetaren ruwa. Kawu ya bari ta huce, ya sake ɗura ta, aka sake ja, ta sake amsawa lafiya lau. Ya shafa tudun haɗin nan ya ce munin nata ba ya cizo.

Ranar kasuwa maigida ya mayar da fasasshiyar. Maƙerin ya juya ta, ya yi salati, ya ce Allah ya tsare, yanzu ya gane wace ce ta sitiyari, wato baƙar da ta tsira.

Baƙar tana nan har yau, amma ba ta sake hawa kafaɗarsa ba. Kawu ya ce masa ta ci gwaji, ya riƙe ta kamar kowa. Ya ce ya ji, ya gode. Duk lokacin tsuntsaye sai ya ɗaure ta a kanya, ya koma bayan tudu ya ja igiya. Shinkafar shekarar nan mun samu abin da ya kai mu rani, ban da wadda muka aika wa Kawu. Maƙwabtan gona suna ce masa maharbin igiya, in sun hango shi sai su tambaya ko yau itacen ya yi sa'a. Shi kuwa sai ya ce su yi ta dariya, in sallah ta matso ai sun san hanyar shago.