Ranar Da Aka Narka Fanel Don Neman Zinariya

A shekarata ta biyu ina karatun lantarki a Ƙauran Namoda na fara jin labarin wani irin aisi, wato ɗan baƙin abin nan da ke zama ƙwaƙwalwar kayan lantarki, da ake kira FPGA. Malaminmu ne ya ambace shi a ƙarshen wani darasi, yana tattara takardunsa zai fita. Ya ce sauran aisi tun daga masana'anta ake yanke musu aikin da za su yi har su lalace, amma shi wannan cikinsa dubban ƙananan ƙofofin lantarki ne da ba a haɗa ba. Kai za ka zauna ka rubuta yadda kake son a haɗa su, ka tura masa, sai ya zama abin da ka zana. Gobe in ka ga dama ka goge, ka mai da shi wani abu daban. Sauran ɗalibai suka watse neman abinci. Ni na zauna a kujerata ina ta juya maganar.

Daga nan na shiga koyon harshen da ake rubuta masa umarni, a tsohuwar laftof ɗina. Na iya zana agogo, na iya zana abin ƙirga, ina kallon layukansu suna hawa suna sauka a gilashin kwamfuta. Amma duk kwaikwayo ne. Abin da nake so shi ne in riƙe aisin a hannuna, in ga fitila ta gaske ta kunnu saboda abin da na rubuta. Fanel ɗin koyo, wato ɗan faifan da ake dasa aisin a kai, da ake tallatawa a intanet kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma ko ka saya, masu kawowa a Gusau suke tsayawa. Ni da wani abokin karatuna ɗan Zurmi muka zagaye masu gyaran rediyo da talabijin na Ƙaura. Shi ke magana, ni ina bayansa riƙe da hoton a waya. Kowa sai ya duba ya girgiza kai.

Can na karanta a wani dandalin masu sha'awar lantarki cewa manyan allunan talla masu fitilu, irin waɗanda ake kafawa bakin titi a birane, kowane ɓangarensu yana da wani ɗan fanel a baya, bai fi tafin hannu ba, kuma aisin da nake nema ne a tsakiyarsa. Mutane na sayen tsofaffinsu da araha, su goge abin da ke ciki su sa nasu. Na kalli hoton fanel ɗin har na haddace shi: ramuka biyu na wayar intanet a gefe guda, jerin fil a bakinsa, da baƙin aisi mai kusurwa huɗu a tsakiya. Sai dai a garuruwanmu wa ya taɓa kafa irin wannan allo?

Da aka ba da hutu na koma gida Shinkafi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, maƙerin zubi ne. Yana narka alminiyam ya zuba a ƙasa ya fitar da tukwane da ludaya da kaskon suya. Tun ina ƙarami in na zo hutu ni ke juya masa keken zuga, don aiki ne da ba ya bukatar a yi magana da kowa. Wata Alhamis, ranar kasuwa, ya aike ni wurin Alhaji mai gwangwan, dillalin tsofaffin ƙarafa wanda Kawu ke sayen ƙarfen narki a hannunsa, in dubo ko kaya sun iso.

Kaya sun iso kuwa. An jingina wasu manyan firam na alminiyam a bango, Alhaji ya ce na wani allon talla ne da iska ta kayar da damina, aka kwaso daga Gusau. Yaransa sun riga sun kwance abin da ke jikin firam ɗin sun tara a gefe, inda ake cika buhu da fanel a tura Kano. Na kai ido kan tulin, sai na ga ramuka biyu na wayar intanet sun leƙo daga ƙarƙashin wata matacciyar rediyo.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na jawo shi, na hura ƙurar, na goge baƙin aisin da bakin rigata. Rubutun kansa ƙanana ne, don haka na ciro ɗan gilashin ƙara girma da nake yawo da shi a aljihu, na karanta harafi bayan harafi. Shi ne. Na tona tulin na sami guda biyar. Na jera su a ƙasa, na ɗauki hoton kowanne gaba da baya. Da na ɗago kai, sai ga Alhaji yana tsaye a kaina da carbinsa.

"Kai ɗan boko, mi kaka dubi haka?"

Na ce, "Alhaji, wani aisi ne. Ina so in saya."

Bai kalli fanel ɗin ba, gilashin hannuna ya kalla. A ƙasarmu mutum ɗaya ne aka sani yana durƙusawa ya kara gilashi a ido ya dubi abu, shi ne mai sayen dutse daga hannun masu haƙar zinariya.

"Hwaɗa man gaskiya tsakaninka da Allah. Akwai zinariya ciki?"

Da na ce babu, da an gama. Amma ya haɗa ni da Allah, kuma na san ana shafa ɗan ruwan zinariya a bakin fil don kada su yi tsatsa. Na ce, "Akwai, amma kaɗan ce ƙwarai, ko..."

"Akwai!" Ya juya ga yaransa. "Kun ji ko? Ku kwashe su ku sa man cikin akwati."

Ban sami damar ƙarasa bayani ba. Ina kallo aka sa su a akwatin ƙarfe aka danna kwaɗo. Alhaji ya dafa kafaɗata cikin fara'a ya ce Allah ya yi mini albarka, da yanzu ya tura arziki Kano a farashin bola.

Na dawo maƙera na zauna bakin keken zuga. Kawu ya tambaye ni ko kaya sun zo, na ce sun zo. Ya ce to me ya sa fuskata ta zama kamar tukunyar da zubinta ya ɓaci? Da ƙyar ya tatso labarin daga bakina. Yana jin ƙarshensa ya ajiye awartaki ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da gilashi gaban mai gwangwan! Wa ya aike ka?" Ya share hawaye. "To kwantar da hankalinka. Duk garin ga wa ke da wutar da za ta narka mai su? Nan za shi zo."

Wannan magana ba ta kwantar mini da hankali ba, ta ƙara tayar da shi. Abin da na daɗe ina nema yana cikin garinmu, kuma hanyarsa ɗaya ce, kaskon narkin kawuna.

Bayan 'yan kwanaki da hantsi sai ga Alhaji a kan babur, akwatin ɗaure a baya. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa yana waige.

"Maraba da sarkin bola," in ji Kawu. "Yau kuma da akwati? Ko lehe ka kawo muna?"

"Rage murya, sarkin hayaƙi. Aiki na kawo, kuma ban son kowa shi ji."

"Ai ko kurma ya ji. Jiya wani ɗan Katuru ya tambaye ni ko gaskiya ne ka tashi gina bene."

Alhaji ya buɗe akwatin ya zube fanel ɗin biyar a kan tabarma, ya ce a zuba su duka a kasko. Kawu ya ɗauki awartaki yana satar kallona. Na gane ba zai yi magana a madadina ba. Na saki keken zuga. Na miƙe.

"Alhaji, a fara da ɗaya."

"Mi kac ce?"

"A fara da ɗaya. In zinariya ta fito, sauran ma sai a narka. In ba ta fito ba, ba a yi asarar gawayi ba."

"Gawayina fa," Kawu ya ƙara.

Alhaji ya ce to, ya bar mini zaɓi, tun da ni na san mai nauyi. Na durƙusa na ciro gilashina, wannan karon ban ji kunya ba. Tun a hotunan da na ɗauka na lura guda ɗaya ya tsage daga kusurwa, tsagar ta ratsa ƙarƙashin aisin. Na gaya masa gaskiya cewa wannan ya mutu a wurina, amma fil ɗinsa daidai suke da na sauran. Ya ƙirga fil ɗin da yatsa, ya yarda.

Ni na zuga wutar da kaina. Fanel ɗin ya lanƙwashe, ya yi baƙi, wani hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe rumfar har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambaya ko taya muke ƙonawa. Muka ja da baya muna toshe hanci da riga. Da hayaƙin ya lafa, Kawu ya juye kaskon a ƙasa ya watsa ruwa. Toka ce, da wani ɗan dunƙulen jan ƙarfe baƙi ƙirin wanda bai kai ƙwayar gero uku ba. Alhaji ya tsuguna ya tona da tsinke. Ya karɓi gilashina ya kara a ido, ta bai-bai ma, ya daɗe yana dubawa.

"Ina zinariyar?"

Na ce, "Tana ciki, Alhaji. Sai dai ko an tara buhu, ba za ta yi ɗan kunne ba."

"To don mi ba ka hwaɗi haka ba tun ranar?"

"Ya so hwaɗi," in ji Kawu, "kai ne ka riga ka hau bene."

Alhaji ya dube ni, ya dubi tokar, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce kwanan nan ko barcin kirki bai yi ba, akwatin a ƙarƙashin gadonsa yake ajiye shi, iyalinsa har sun fara yi masa kallon wanda ya sami wani abu ya ɓoye.

Kawu bai bari dariyar ta huce ba ya shiga cinikin firam ɗin alminiyam. Suka ja, suka yi rantse-rantse, kowa ya ce ɗan'uwansa zai kashe shi da talauci, daga ƙarshe suka sallama. Sai Kawu ya nuna tabarma da haɓa.

"Gyara fa?"

"Wace gyara? Ƙarfe ne, ba gero ba."

"Ko allura na saya wurinka sai ka yi man gyara. Ga su nan huɗu, ka bai wa ɗan yayata."

Alhaji ya tura su gabana da ƙafa. "Ɗauki, injiniya. Amma in ka mai da su jirgin sama, ni za ka fara kaiwa Makka."

Ban iya godiyar kirki ba. Na dai durƙusa na ce Allah ya saka da alheri, na naɗe su a hulata.

Sauran hutun a ɗakin zaure na yi shi. Fanel ɗin ba a yi shi don koyo ba, babu rubutun da ke nuna inda ake tura masa umarni. Akwai wasu ƙananan ramuka a gefen aisin, na bi su ɗaya bayan ɗaya da mita har na gane aikin kowanne, na yi musu soda, wato na liƙa musu siraran wayoyi da dalma. Wutarsa daga cajar waya mai batir na ɗauko. Laftof kuwa kullum sai na kai ta shagon mai caji da sola, in dawo in yi aiki har batir ya ƙare. Sau da yawa kwamfutar na cewa ba ta ga kowa ba. Na sake soda, na gajarta wayoyin, na gane biyu na juya su. Ranar da lambar aisin ta fito a gilashi, na tashi na zagaya zauren na dawo na zauna.

Akwai wata 'yar fitila koriya a jikin fanel ɗin. Na rubuta abin ƙirga mafi sauƙi da na sani, wanda zai kunna ta ya kashe. Ban tura ba sai da na kwashi komai na kai maƙera, na shimfiɗa buhu a nesa da wuta. Kawu na tsakiyar daka ƙasar zubi. Na danna. Fitilar ta ɗauke, ta ɗan jima, sai ta kawo. Ta ɗauke. Ta kawo.

Kawu ya matso yana goge hannu a zane. "Shi ke nan? Duk hayaƙin da munka sha don wagga 'yar ƙyaftawa?"

Na ce, "Kawu, ni na ce ta yi."

"To ce mata ta yi sauri."

Na canja lamba ɗaya na sake turawa. Ta shiga ƙyaftawa kamar idon wanda barkono ya faɗa wa. Kawu ya ja da baya ya ce la ilaha illallahu. Ya ce ta yi a hankali, ta yi. Ya ce ta ƙyafta biyu ta huta. Wannan ya ɗauke ni ɗan lokaci, don sai da na ƙara wasu layuka, shi kuwa yana tsugune a gefena bai motsa ba. Da ta yi, ya ƙwala wa mai shayi kira. Mai shayi ya zo da kofi a hannu, ya ce shi uku yake so. Wani mai sayen ludayi da ya zo daga Jangeru ya ajiye kayansa ya ce a sa ta yi irin kiɗan da ake yi wa manoma. Na gwada, ba ta yi kama ba, amma ya rantse ya ji shi.

Muna nan har batirin laftof ya mutu. Fitilar ba ta tsaya ba, don ita a cajar take, ta ci gaba da kiɗan mutumin Jangeru. Sai a lokacin Kawu ya waiga ya ga wutar maƙera ta mutu, alminiyam ɗin da ke kasko ya daskare.

"Tashi, injiniya," ya ce. "Koma bakin keke. Amma bar ta kunne, juyo ta nan inda nika ganin ta."