Famfon da Baba Ya Ɗaura

A waɗancan shekarun, layin bayan tashar mota bai kai rabin tsawonsa na yanzu ba. Daga bakin kwalta akwai shagon mai walda, sai na mai facin taya, sai wani fili da ruwan sama ke kwanciya a cikinsa, sannan gidan burodi mai dogon bututun hayaƙi. A ƙarshen layin, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta sha faci, nan garejin Mai Hanci yake. Sifanoninsa suna rataye a jikin allo, kowacce da zanen surarta a bayanta, ta yadda in ɗaya ta ɓata allon ne zai fara faɗa.

Laƙabin ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Kafin ya taɓa ko noti ɗaya, sai ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza abin da ya biyo ta tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Abokan sana'a sun daɗe suna yi masa ba'a cewa miya yake dubawa. A wurin mahaifinsa ya koyi haka, mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa wata akori-kura shuɗiya, yana kuma gyara ta da kansa.

Bayan rasuwar tsohon, motar ta koma hannun yayar Mai Hanci, mai gidan burodin. Da ita take kai burodi shagunan unguwar kan tudu kowace safiya. A shekarar da muke magana, motar ta soma tari a tsakiyar hawan tana mutuwa, kuma masu shagunan sun faɗa wa Yaya har sau biyu cewa in burodi ya ci gaba da makara za su koma wa wani gidan.

Ciwon ba ɓoyayye ba ne. Famfon man irin wannan mota a jikin injin yake, injin ne kuma ke motsa shi. A cikinsa akwai wata fatar roba da ke lotsawa tana tasowa, tana zuƙo fetur daga tanki zuwa kafireta, inda yake gauraya da iska kafin ya shiga injin. Fatar ta tsufa, an kuma daina kawo irinta. Mai Hanci ya ce a cire famfon, a toshe gurbinsa, a sa na lantarki. Yaya ta ƙi. Ɗaura wannan famfon shi ne aikin Baba na ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da shi, kuma a gidansu ba a cire abin da ya ɗaura, ko da sakatar ƙofa ce.

"Auta, ƙara duk abin da za ka ƙara," in ji ta, "amma hannun Baba ba zai fita daga motar nan ba."

Ya amsa cikin ladabi cewa ba ya rabin aiki. Sai mijinta, malamin makaranta mai ritaya, ya kai motar wurin wani mai wayarin, wanda ya yi abin da aka ce masa: ya ɗaura famfon lantarki kusa da injin, ya bar tsohon a wurinsa, fetur na bi ta cikinsa.

Kwana tara motar tana hawa tudu ba gardama. A na goma Malam ya tsaya bakin gareji, injin na kunne, domin ya tsokani ƙanin matarsa. Ya ce motar da take shan baƙin mai duk mako yanzu ta daina, har ma ƙaruwa man yake yi, ko a makarantar hanci an koyar da wannan? Mai Hanci bai yi dariya ba. Ya ce a kashe injin, ya zaro sandar, ya shinshina, sannan ya roƙi Malam ya kira Yaya.

A gabanta ya tsiyaye man a cikin kwano. Ya fito tsararo kamar ruwan shayi. Ya ɗiga kaɗan a kan wani faifan ƙarfe, ya yi nesa da motar, ya ƙyasta ashana, sai wuta ta kama bal. Ya bayyana mata cewa baƙin mai zalla ba ya haka. Tsohuwar fatar ce ta yage, sabon famfon kuma yana tura fetur ta cikin yagar yana zubawa cikin injin. Man da ya tsinke ba ya kare ƙarfe daga ƙarfe, in aka ƙara mako guda injin zai ci kansa.

"Yaya, famfon Baba ne ke kashe injin Baba," ya ce. "Sai dai ki zaɓi wanda za ki riƙe."

Ta dubi kwanon. Sannan ta tambaya ko cirewar za ta lalata famfon. Ya ce noti biyu ne kawai, zai fito lafiyarsa ƙalau, kuma ya yi alkawarin mayar da shi ranar da aka sami sabuwar fata.

"To, miƙo sifanar," in ji ta. "In za a cire, ni zan fara."

Ita ta kwance notin farko, da garin fulawa a hannunta.

Aikin ya ci kwana biyu. Mai walda ya yanko faifan ƙarfe mai kauri, aka toshe gurbin da shi. Mai Hanci ya sauya famfon lantarkin da wani mara ƙarfi sosai, don kada ya cika kafireta ta yi ambaliya. Ya mayar da shi can baya kusa da tanki, ƙasa da shi kaɗan, domin irin wannan famfon ya fi iya turawa bisa zuƙowa. Ya sa abin tace fetur a gaban famfon, ya sa fis mai kare wayar daga ƙonewa, ya kuma bi da wayar ta wani ɗan makunni da ke yanke wuta da zarar injin ya tsaya, don kada fetur ya ci gaba da zuba in an yi haɗari. Sau biyu ya sauya baƙin mai. A kwanakin nan Malam ne ya kai burodi a motar haya, kuma maƙwabta sun shaida cewa bai sake ambatar makarantar hanci ba.

A safiya ta uku motar ta hau tudun da cikakken kaya, Yaya na zaune a gaba, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Shagunan ba su koma wa kowa ba.

Abu biyu ne suka rage. Kwana taran nan sun bar wata 'yar ƙara a ƙasan injin, wadda Mai Hanci ya ce ba za ta gyaru ba sai an buɗe injin, Yaya kuwa tun daga ranar ba ta ba motar hutun yini ɗaya ba tukuna. Tsohon famfon yana kan kanta a gidan burodi, naɗe a ƙyalle. Har yau ba a sami fatarsa ba.