Ustaz Ɗahiru Mai Faifai, da Zargin da Na Ɗora Masa

Ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara, aka ce Ustaz Ɗahiru ya rasu bayan sallar Azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami ɗalibai, na zauna, kunya ta riga baƙin ciki isowa.

Duk wanda ya san kasuwar Gadarif, a nan Sudan, ya san shagonsa. A shekarun takunkumi, lokacin da kowa ke fama da manhajar sata, shi yana ɗora wa mutane tsarin kwamfuta na kyauta, wanda kowa ke iya leƙa cikinsa. Ba ya yi maka, sai dai ya miƙa maka faifan manhajar ya tsaya a kanka. "Ya zol, bawan Allah, da hannunka za ka yi," in ji shi. "Gobe ba na nan." Idan ka zo rubuta kalmar sirri, sai ya juya baya yana kallon bango.

Ni kuwa kyauta ba ta kwanta mini a rai. A zamanin da ake tsoron 'yan amni, wato jami'an tsaron farin kaya, mutum ya ɓata yini a kanka don Allah kawai? Ranar da na kai kwamfutata ya ce, "Kwashe kayanka a filasha tukuna, sabon tsari zai share komai." A cikin kayan akwai takardar koken da na rubuta wa manoman Basunda kan gonakin da aka ƙwace musu, har da sunayensu. Filashata ce, ni na kwashe, amma yana tsaye.

Bayan mako biyu 'yan amni suka kira surukina, wanda sunansa ke farko a takardar, aka tsare shi kwana uku. Ban tambayi Ustaz komai ba. A wurin mai shayi na ce, "Ku yi hankali da mai faifai." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya wadatar. Shagon ya bushe. Ya ci gaba da gaishe ni, ni ina amsawa da ka.

Har yau ban san wanda ya kai sunayen ba. Takardar ta bi hannu da yawa kafin ta zo nawa, na kuma san haka tun a lokacin.

A wurin ta'aziyya 'yarsa Nafisa ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Ta kira ni Ammu, wato baffa, ta ce, "Kai ɗalibinsa ne. Wallahi har ya kwanta ciwo yana tambayar wanda ya fara cewa shi ɗan amni ne. Ya ce yana so ya yafe masa da sunansa. Ka san shi?"

Na ce ban sani ba. Nafisa, ƙarya na yi miki. Ni ne.

Allah Ya jiƙan Ustaz Ɗahiru, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya tsare su daga irin bakina. Amin.